Yadda Aka Tuɓe wa Bahago Rigar Sarki

A zamanin Sarki Mai Gaggawa, a shekarar da ya hau gadon mahaifinsa, damina tana ja da baya, rundunar sarkin ƙetaren kogi ta naɗe sansaninta daga bakin ganuwa ta koma inda ta fito. Tun kafin ruwan farko ya sauka ta zo ta kewaye birnin. Ta tare hanyar fatake, ta hana manoma fita, har gonakin bayan gari suka koma ciyawa zalla. A cikin wannan ƙunci tsohon sarki ya kwanta ciwo ya rasu. Masu zaɓen sarki suka tsallake ƙanensa Galadima, wanda gemunsa ya yi fari yana jiran ranar, suka naɗa ɗan marigayin, domin shi ne ke kan ganuwa tare da mayaƙa. Galadima ya durƙusa ya yi mubaya'a da baki. Da hanya ta buɗe kuma ya tattara mutanensa ya koma garinsa ya yi shiru. Duk mai hankali a fada ya san irin wannan shirun.

Wannan kowa ya sani, maroƙa ba su rage komai a ciki ba. Abin da suka ɓata shi ne labarin wani masassaƙi da ake ce wa Bahago, da yayarsa mai sayar da gishiri a kasuwa. Har yau in mace ta yi wa ɗan'uwanta baƙin ciki sai a ce ta yi halin Mai Gishiri. Ni daga gidan na fito, kuma na gaji da jin wannan shirme. Ga yadda abin ya faru, kamar yadda tsofaffin gidanmu suka riƙe shi.

Bahago ba mayaƙi ba ne. Turmi yake sassaƙawa, da taɓarya, da akushi, da ƙotar fartanya, a wata rumfa bayan gidansu inda sassaƙe kan taru har su rufe idon sawu. Da yaƙi ya matsa, aka ce kowane namiji mai lafiya ya fito da abin da ya iya riƙewa, sai ya fito da gatarinsa. Aka tura shi ƙaramar ƙofar gari, a ƙarƙashin wani Barde. Ranar da abokan gaba suka karya gungumen da ke tokare ƙofar, su suka tsaya a bakinta tun hantsi har mahaya suka iso. Waɗanda suka tsaya suna da yawa, waɗanda suka koma gida da ƙafafunsu kaɗan ne. Bahago ya koma da tabo a wuya, babu yatsu biyu a hannun dama. Da mahaifiyarsa ta ga hannun ta fasa kuka, shi kuwa ya ce, "Inna, ki yi shiru. Da ma wannan rakiya yake yi wa na hagu."

Ciwon bai gama warkewa ba ya koma rumfarsa. Da an bar shi a nan, da babu labari.

Amma Sarki Mai Gaggawa yaro ne mai zuciya, kuma ba a banza aka yi masa laƙabin ba. In abu ya faɗo masa a rai da safe, kafin azahar ya zama doka. Ya tara jama'a a ƙofar fada, ya sa aka kira waɗanda suka tsira daga ƙaramar ƙofa, ya sa wa kowannensu wata farar riga da aka ɗinka musamman, mai dogayen hannuwa da ke sauka su rufe yatsu. Sannan ya miƙe, hawaye a idonsa, ya ce, "Hannun da ya tsare garin nan ya gama aiki. Daga yau duk mai wannan riga ba zai ƙara ɗaukar kayan aiki ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Cinsa da na iyalinsa yana wuyana."

Jama'a suka ɗauki sowa. Ba wanda ya tambayi masu rigar ko suna so. Wa yake tambayar mutum ko yana son girma?

A gida kuwa sai abin ya zarce na fada. Kawunsu, ƙanen Inna, wanda ciwon baya ya hana shi fita daga ɗaki duk tsawon yaƙin, a ranar ya warke. Shi ya shiga rumfar da kansa, ya kwashe gizago da gatari da wuƙaƙe, ya zuba a buhu ya cusa ƙarƙashin gadonsa. Inna ta sa aka share zaure, aka shimfiɗa buzu, aka zaunar da Bahago a kai kamar sabuwar tukunyar da ake tsoron ta fashe. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, matarsa ta riga shi da gudu. In ya ga ƙyaure ya karkace ya taso, sai a ce, "A'a, a'a, zauna, za a kira wani." 'Ya'yansa da suka saba hawa wuyansa, aka ce kada wanda ya taɓa rigar sarki da hannun datti, suka koma leƙensa daga bakin ƙofa.

Ga kuma baƙi. Dangi na kusa da na nesa, har da waɗanda ba su taɓa sanin hanyar gidan ba, kowa ya zo ya durƙusa ya ce, "Mun gode, mun gode, Allah ya saka," sannan ya gyara zama ya ce, "To, ba mu labarin ranar." Ya ba da labarin da safe, ya ba da shi da rana, ya ba da shi da yamma. Yadda gungumen ya karye. Yadda maƙwabcinsa majemi ya faɗi a kan ƙafarsa yana kiran 'yarsa. In ya tsallake wannan wurin sai Kawu ya ce, "Ka manta majemi," domin nan ne ke sa baƙi hawaye.

Ban ce ba sa ƙaunarsa ba. Ƙaunar ce ma ta yi yawa, ta rasa inda za ta bi.

Mai Gishiri ita ce babba a ɗakinsu, ita ta goye shi. Mijinta ya rasu, tana zaune a gidanta kusa da kasuwa, kuma mace ce da Allah bai ba ta sassauta magana ba. Ita ta fara lura cewa rigar tana ƙara yi masa yawa. Ana kawo masa abinci a mayar da shi kusan yadda ya zo. In baƙi sun watse yakan zauna yana kallon bango, hannuwan rigar suna motsi, domin yatsun da ke ciki ba sa tsayawa. Wata rana da la'asar ta shigo gidan ta tarar da shi tsaye a bakin rijiya, babu guga a hannunsa, yana leƙa ciki. Ta tsaya tana kallonsa har ƙafarta ta gaji, bai ɗago ba.

"Kai, me ka jefa a ciki?"

Ya juyo kamar wanda aka tasa daga barci. "Ba komai, Yaya. Sanyin wurin nake ji."

"Sanyi. To zo ka ji shi daga nan."

Ta ja shi gindin bango ta zaunar, ta matsa masa da tambaya har ya faɗa. Ya ce, "Yaya, in ina sassaƙa, ƙarar gizago kaɗai nake ji. In na zauna, ƙofar nan nake ji tana karyewa. Yanzu kuwa kullum a zaune nake."

A take ta shiga ɗakin Inna, ta tarar da Kawu a can. Ta ce a mayar wa sarki rigarsa, a ce an gode, a ba yaro kayan aikinsa.

Inna ta ce, "Ke dai ba ki taɓa ganin alheri kin bar shi ya zauna ba. Yaro ya sha wuya, Allah ya ba shi hutu."

"Inna, hutun nan kashe shi zai yi. Ki duba wuyansa."

"Gajiyar yaƙi ce. Za ta sake shi."

Kawu ya ce, "Baƙin ciki ne kawai. Tunda aka kafa gidan nan wa ya taɓa taka fada? Yanzu in na bi ta kasuwa har tashi ake yi a gaishe ni."

"Kai ake gaisarwa, Kawu, ko yatsunsa?"

Kawu ya dubi Inna. "Kin ji 'yarki ko? Ni ƙanen uwarta take gaya wa haka."

Ta ja tsaki ta fito. Matar Bahago ce ta biyo ta har bakin zaure, ta rage murya ta ce, "Yaya, ni ma na gani. Amma wa zai ji tawa?"

Da gida ya ƙi, sai ta ɗauki gishiri mai kyau ta nufi gidan Waziri. Waziri dattijo ne mai wayo, wanda ya yi wa uban hidima, yana yi wa ɗan, kuma kunnensa ɗaya kullum yana garin Galadima. Aka bar ta a zaure har inuwa ta juya, sannan ya fito. Ta durƙusa ta ce, "Allah ya ƙara wa Waziri lafiya," ta faɗi abin da ya kawo ta.

Waziri ya waiga hagu da dama kafin ya amsa. "Baiwar Allah, kin san abin da kike faɗa kuwa? Ba a jima ba Barde, wanda ya jagorance su a ƙofar, ya naɗe tasa rigar ya aiko da ita fada, ya ce ya gode amma bai saba zama ba. Kin san inda ya kwana? Garin Galadima. Tun ranar, duk wanda ya mayar da riga, to wani sarkin ya zaɓa. Ni ban ji abin da kika ce ba, ke ma ba ki faɗa ba."

"Ranka ya daɗe, ƙanena turmi yake sassaƙawa. Ko hanyar garin Galadima bai sani ba."

"Kyautar sarki ba a mayar da ita. Mai ita ne kaɗai ke karɓe abarsa, shi ma sai daga hannun wanda ya wulaƙanta ta. Tashi ki tafi."

Ta tashi. Gishirin kuwa ya riƙe.

Tun daga zauren take mita har tsakiyar titi, sai a nan ta ja ta tsaya. Mutumin ya kore ta, amma ya nuna mata hanya bai sani ba. Ba a mayar da riga, amma ana ƙwace ta.

Ba ta gaya wa kowa abin da ta ƙulla ba, har shi Bahagon, domin mutum ne da bai iya ƙarya ba. In sarki ya tambaye shi ko shiri ne, zai ce shiri ne. Matarsa kawai ta ce wa ta ciro mata gizago daga ƙarƙashin gadon Kawu, ita kuwa ta ciro ba ta tambayi dalili ba. Ranar da kasuwa ta fi cika, Mai Gishiri ta zo ta ce wa Inna za ta fita da shi ya sha iska, mutane su ga rigar. Kawu ya ce to, yau kam ta yi hankali.

A rumfarta ta zaunar da shi tsakanin buhuna. Ta ɗauko ɗan gatarin da take fasa gishiri da shi, wanda ƙotarsa ta tsage, ta ajiye a gabansa. Ta ajiye busasshen itace. Ta ajiye gizago.

Ya dubi gizagon ya kau da kai. "Yaya, kin san doka."

"Na sani. Ni ban ce ka taɓa ba. Na kai wa masassaƙin bakin kasuwa ya yi mini sabuwa, so nake ka duba mini kawai." Ta miƙa masa wata ƙota karkatacciya mai kaushi, wadda ta tsinto daga cikin waɗanda aka zubar.

Ya karɓa ta cikin hannun riga, ya juya ta. "Wannan mene ne? Ai itacen ɗanye ne. Dubi inda aka huda, sara biyu kan gatarin zai fita ya sari ƙafarki."

"Ya ce haka kai ma kake yi."

"Ni?"

"Haka ya ce. Ya ce da ma suna ne kawai gare ka, yanzu ma sarki ya rufa maka asiri da ya hana ka aiki."

Bahago ya jawo itacen gabansa. Ya naɗe hannuwan rigar har gwiwar hannu, ya dafe itacen da ƙafa, ya ɗaga gizago. Masu wucewa suka fara tsayawa. Sassaƙe suna tashi suna sauka a kan farar rigar sarki, shi bai san ma ana kallonsa ba. Kafaɗarsa ta sauka, numfashinsa ya daidaita, har ya soma ɗan fito da baki kamar yadda yake yi tun yana yaro. Abin da ta gani a fuskarsa ya kusa sa ta fasa abin da ta ƙulla. Amma ta gyara mayafinta, ta taka zuwa inda dogarai ke zaune a inuwa, ta ɗaga murya yadda rabin kasuwa zai ji.

"Ku kuna nan zaune ana taka dokar sarki? Ga mai farar riga can yana sassaƙa a bainar jama'a!"

Babbansu ya ce, "Wane ne?"

"Ƙanena ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Kashegari da hantsi fada ta cika. Sarki yana kan gado, hakimai a dama da hagu, Bahago a durƙushe a tsakiya, ɓurɓushin itace bai gama kakkaɓuwa daga rigar ba. Inna tana waje tana kuka. Kawu yana bayan ginshiƙi, ciwon bayansa ya dawo.

Waziri ne ya buɗe magana. "Allah ya ja zamanin sarki. An yi wannan abu a tsakiyar kasuwa, ranar da fatake suka cika gari, kuma fatake ba gishiri kaɗai suke ɗauka ba, har da labari. Barde ya yi nasa a ɓoye, wannan ya yi a fili. Saƙo ne ake aika wa wanda muka sani, cewa maganar sarki ba ta wuce ƙofar fada. In aka ƙyale shi, gobe wani zai yi. Hannun da ya ƙi hutun da sarki ya ba shi, a hutar da shi da wuƙa."

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne, gaskiya ne," kamar yadda za su ce da ya faɗi akasin haka.

Mai Gishiri ba ta zaci haka ba. Ta shirya wa wulaƙanci, ba ta shirya wa wuƙa ba. Kuskurenta kenan, kuma ba zan ɓoye mata shi ba: ta ɗauka fada irin kasuwa ce, inda kowa ke duban abin da zai amfane shi. Fada kuwa, in akwai wani a waje yana jiran gado, tsoro ne ke yanke hukunci a cikinta.

Sarki ya ce, "Ina wadda ta kawo ƙarar?"

Ta matso ta durƙusa.

"An ce ke yayarsa ce."

"Ni na goye shi, ranka ya daɗe."

"Kin ji abin da Waziri ya ce. Ya yi miki?"

In ta roƙa masa gafara, kowa zai gane shiri ne, su biyun su tafi tare. In ta ce ya yi, hannun ya tafi. Sai ta ce, "Bai yi mini ba, ranka ya daɗe. Ya yi kaɗan."

Ta ci gaba.

"In aka yanke hannun, komawa zai yi zaure ya zauna, a ci gaba da zuwa ana tausaya masa, ana kai masa abinci har baki. Abin da yake ciki kenan yanzu, me ya canza? Sannan masu neman abin faɗa su samu, su ce hannun da ya tsare ƙofa, abokan gaba sun ɗauki yatsu biyu, sarki ya ɗauki saura. Ni in za a bi tawa, a tuɓe masa rigar a gaban mutanen da aka sa masa ita. A yanke masa hatsin fada. Tunda wahala yake so, a bar shi da ita, ya ci guminsa har ya mutu."

Bahago ya ɗago ya dube ta. Bai gane komai ba, sai dai ya ga matar da ta goye shi tana neman a tozarta shi. Tsofaffin gidanmu sun ce wannan kallon ta tafi da shi kabari.

Sarki ya juya gare shi. "Kai, me ya haɗa ka da Galadima?"

"Ranka ya daɗe, ni ban san shi ba. Ƙota ce ta tsage."

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari.

"Kyautata ce ba ta ishe ka ba?"

"Ta ishe ni har ta yi yawa, ranka ya daɗe. Ranar da aka gode mini a gaban jama'a na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma tun daga ranar ba wanda ya ce mini sannu da aiki, domin ban yi wa kowa komai ba."

Sarki ya ƙura masa ido. Shi ma yana kan ganuwa ranar, yana kallo daga sama. Ya rage murya, har na nesa ba su ji ba, ya ce, "Har yanzu kana jin ta?"

"Ƙofar? Kullum, ranka ya daɗe. Sai in ina aiki."

Wannan karon Mai Gaggawa bai yi gaggawa ba. Ya daɗe yana duban hannuwansa a kan cinya. Ya dubi masassaƙin, ya dubi matar, ya ƙara dubanta. Sannan ya ce, "A tuɓe."

Dogarai suka cire rigar, suka bar Bahago da 'yar taguwarsa.

"Daga yau ba shi da komai a fada, fada ba ta da komai a wurinsa. In ya ci, guminsa ne. In ya rasa, shi ya so. Hannunsa kuwa kada wanda ya taɓa, domin da shi zai ɗauki hukuncinsa." Ya juya ga Mai Gishiri. "Ke kuma, baiwar Allah, Allah ya raba ni da 'yar'uwa irinki."

Fadawa sun ce da fushi ya faɗa. Ita ta ce bakinsa ya motsa kamar mai danne murmushi. Ita kaɗai ta gani, ni kuwa ba na rantsuwa a kan abin da mutum ɗaya ya gani.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda aka riƙe. Inna ta daina amsa gaisuwarta, har ta rasu "waccan" take ce mata. Kawu ya bi gida-gida yana faɗin yadda hassada ta sa mace ta rushe gidan ubanta. Masu sayen gishiri suka ƙaurace wa rumfarta na wani lokaci, sai da suka ga na maƙwabciyarta da ƙasa a ciki suka dawo. Maroƙa suka cire Bahago daga cikin mutanen ƙaramar ƙofa, suka sa ita a matsayin abin zagi. Ba ta taɓa buɗe baki ta wanke kanta ba. In ta ce shiri ne, to an yi wa sarki wayo a gaban fadarsa kenan, kuma wuƙar Waziri tana nan ba ta dushe ba. Sai ta haɗiye, ta ci gaba da fasa gishirinta tana tsaki.

Shi kuwa Bahago ya koma rumfarsa. Abinci ya fara shiga, wuya ya cika, yara suka koma hawa kansa da ƙafafunsu na datti. Baƙi suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, domin ba wanda ke zuwa jin labari a wurin wanda aka kora. Masu zuwa sai matan da taɓaryarsu ta karye da manoman da ke son ƙota kafin ruwa ya sauka, su tsaya a kansa suna cewa ya yi sauri.

Bayan wasu shekaru Galadima ya taso da runduna. Wannan karon ba a karya ƙofa ba, Waziri ne ya sa aka buɗe ta daga ciki. Sarki Mai Gaggawa ya mutu da takobi a hannu a tsakar fadarsa. Sabon sarki ya ce a nemo masa mutanen wancan, farar riga mai dogon hannu kuwa ba ta ɓoyuwa. Waɗanda zama bai riga ya kashe ba, aka kore su daga birnin da iyalansu, aka rabe gidajensu. Ba wanda ya tuna da wani masassaƙi da aka tozarta tun tuni. Kada wani ya ce Mai Gishiri ta hango wannan. Ba ta hango komai ba. Ta ga ƙanenta a bakin rijiya ne kawai, ta yi abin da ta iya. Sauran na Allah ne, wanda ke sa girman da sarki ya ba mutum ya zama sanadin korarsa, wulaƙancin kuma ya zama garkuwarsa.

Ni abin da ke ƙona mini rai ba na sarakuna ba ne. Sarki yaro ne, ya yi godiya iyakar saninsa, kuma da ya ga ya yi kuskure ya nemi hanyar gyarawa ba tare da ya ce ya yi ba, wanda shi ne iyakar abin da mai mulki ke iyawa. Na gida ne ke ƙona mini rai, waɗanda suka kwana suka tashi da mutum, suka yi ta gode masa har suka kusa binne shi, babu wanda ya zauna ya ce, kai me kake so? Har yanzu haka ake yi. Naku ya dawo daga yaƙi, ku kewaye shi da yabo, ku hana shi zama mutum.

Ban san ranar da Bahago ya gane ba, ko wa ya gaya masa. Ya daɗe bai taka gidanta ba. Sai wata safiya tana share tsakar gida ta ji sara a bayan ɗaki. Ta leƙa, ta gan shi yana faskara mata itace. Ya gama, ya jera, ya ja mata ruwa ya cika randa.

Ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai kuma wa ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni, Yaya."

"To, ka jera su a inda ruwa zai taɓa. Mayar da su ƙarƙashin rumfa."

Ya mayar. Kashegari ya dawo, haka jibi, haka har gashinsu duka ya yi fari. Bai taɓa ce mata ya gode ba, ita ma ba ta taɓa fasa samun abin gyara a aikinsa ba. Sai dai in ya saɓa gatari zai fita, takan bi bayansa da murya, ba ta ɗago daga abin da take yi ba, ta ce, "Sannu da aiki."